Wiliyam Tindal, Wanda Ya Ba Mutanen Ingila Littafi Mai Tsarki Da Harshensu

Wajen shekara ta 1519, a wani gari na ƙasar Ingila da a ke ce da shi Kobantiri, aka ɗaure mutum bakwai aka ƙone su da wuta, maza shida da wata gwauruwa. Yohanna Foks, wanda ya tattara labarin shahidan ƙasar, ya ce babban laifin da aka ɗora musu shi ne sun koya wa 'ya'yansu Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma da harshen Ingilishi, watau harshen da suka sha a nono. Mun fara da wannan labari domin masu karatu su san irin zamanin da mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan wata ya tashi a ciki. Sunansa Wiliyam Tindal.

A zamanin nan Littafi Mai Tsarki da a ke karantawa a majami'un Ingila da Latinanci ya ke. Wani malami mai suna Jerom shi ya juya shi wajen shekara ta 400, sa'anda Latinanci ya ke harshen kasuwa da na gida, har ma domin talakawa su ji ne ya yi aikin. Amma da shekara dubu ta wuce, harshen ya mutu a bakin jama'a, sai malamai kaɗai ke jinsa. Yohanna Wikilif da almajiransa sun juya littafin zuwa Ingilishi wajen 1382, suna kwafa da hannu. Shugabannin ekklesiya suka ji tsoron abin, sai a 1408 suka yi taro a Oksfod suka kafa doka, cewa kada kowa ya juya ko ya karanta wani sashi na Littafi Mai Tsarki da Ingilishi sai da iznin bishop. A 1428 kuma aka tone ƙasusuwan Wikilif, shekara 44 bayan mutuwarsa, aka ƙone, aka watsa tokar cikin rafi.

An haifi Tindal wajen 1494 a lardin Gulosta, yamma da Landan. Ya tafi babbar makaranta ta Oksfod tun yana yaro, ya sami digiri na fari a 1512, na biyu a 1515, aka kuma naɗa shi firist. Daga baya ya yi kuka da irin karatun wurin, ya ce a kan tsare ɗalibi shekara takwas ko tara cikin ilmin masu hikima na arna kafin a yarda ya leƙa Maganar Allah, har zuwa lokacin kuwa an riga an murɗe masa hankali. Amma Allah ya riga ya shirya abu biyu. Tun wajen 1455 wani Bajamushe, Gutinbag, ya fito da dabarar buga littattafai da inji, yadda abin da magatakarda zai yi shekara yana kwafa, sai a buga ɗaruruwa cikin 'yan watanni. Sa'an nan a 1516 babban malamin nan Irasmus ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, harshen da manzanni suka rubuta shi da shi. Tindal ya koyi Helenanci ƙwarai, ya duƙufa a kan littafin nan.

Wajen 1521 ya koma lardinsu, ya zama malamin 'ya'yan wani mai arziki, Yohanna Walsh, a ƙauyen Sodbari Ƙarama. Maigidan mai son baƙi ne, manyan malaman ekklesiya su kan zo cin abinci a gidansa. In gardama ta tashi a kan wata koyarwa, sai wannan ƙaramin malamin yara ya buɗe littafi ya sa yatsa a kan wurin, ya ce su duba da kansu. Wannan hali bai yi musu daɗi ba ko kaɗan. Uwargida ma ta taɓa yi masa faɗa, ta ce yaya za a gaskata shi a bar malamai masu samun fam ɗari biyu ko uku. Bai amsa mata a ranar ba. Ya juya wani ɗan littafi na Irasmus zuwa Ingilishi ya ba su, ita da mijinta suka karanta, daga nan manyan baƙin suka fara ganin an rage kiransu. Kada kuwa a ce muna yi wa firistocin lardin nan ƙazafi. A 1551 wani bishop ya jarraba 311 daga cikinsu, aka tarar fiye da rabi ba su iya kawo Dokoki Goma ba.

A nan ne Tindal ya gane abin da ya zama aikin ransa duka. Ya kan fita ya yi wa'azi a ƙauyuka har zuwa Biristol, mutane su ji su yi murna. Ya juya baya ke nan sai wani ya zo ya kawo musu wata magana dabam, ya rushe abin da aka gina. Talakawa kuwa ba su da abin da za su auna maganar mutum biyun nan da shi, sai su bi wanda ya fi babbar riga. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya gani a aikace ba shi yiwuwa a kafa talakawa cikin gaskiya sai an shimfiɗa Littafi Mai Tsarki a gaban idonsu da harshensu, su ga yadda magana ta faro, da yadda ta bi, da inda ta nufa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wata rana wani malami ya gaya masa gara a rasa dokar Allah da a rasa ta Paparoma. Tindal ya amsa da zafi cewa in Allah ya ba shi yawan rai, zai sa yaron da ke bin garma a gona ya fi malamin nan sanin Littafi Mai Tsarki.

Bai so ya karya doka ba. A 1523 ya tafi Landan wurin Bishop Tunstal, mutum mai ilmi ƙwarai, abokin Irasmus, yana neman izni da wurin zama domin ya yi aikin. Bishop ya ce gidansa ya cika. Wani attajiri mai cinikin yadi, Hamfuri Monmot, ya ji wa'azinsa ya ɗauke shi zuwa gidansa wajen wata shida. Attajirin ya shaida daga baya cewa baƙonsa karatu ya ke yi dare da rana, ba ya cin komai sai dafaffen nama, ba ya kuwa son tufafi masu tsada. A zaman nan Tindal ya gane ba gidan bishop kaɗai ba, Ingila duka ba ta da wurin da za a yi wannan aiki. A 1524 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jamus, inda Martin Luta ya riga ya ba mutanensa Sabon Alkawari da Jamusanci tun 1522. Tindal bai sake taka ƙasarsu ba har ya mutu.

A 1525 aka fara buga aikinsa a ɓoye a birnin Kolon. An yi nisa cikin Bishara ta Matiyu, sai wani mai gāba da koyarwar Luta, Kokliyus, ya ji ƙishin-ƙishin. Ya kira ma'aikatan maɗaba'ar gidansa, ya cika su da ruwan inabi har bakinsu ya buɗe, ya kai ƙara wurin hukuma. Tindal da mataimakinsa suka kwashi takardun da aka riga aka buga, suka gudu ta Kogin Rayin zuwa birnin Woms. Can, a farkon 1526, aka gama buga Sabon Alkawari duka. Shi ne na fari da aka taɓa bugawa da Ingilishi, shi ne kuma na fari da aka juya kai tsaye daga Helenanci. Ɗan ƙaramin littafi ne wanda zai shiga aljihu, ba ko sunan mai juyawa a kansa. Fatake suka riƙa cusa shi cikin dilolin yadi da sauran kaya, yana haye teku, yana shiga Ingila da Sikotlan.

Kafin shekara ta ƙare Bishop Tunstal ya hau mumbari a harabar majami'ar Bulus Mai Tsarki a Landan, ya ce ya sami kuskure dubu biyu a cikin littafin, aka tara waɗanda aka kama aka cinna musu wuta. Edwad Hol, mai rubuta tarihin zamanin, ya ba da wani labari mai ban dariya. Ya ce bishop ya sa wani ɗan kasuwa, Pakintin, ya saye masa duk littattafan da suka rage domin ya ƙone. Ɗan kasuwan kuwa abokin Tindal ne, sai ya tafi wurinsa kai tsaye ya saya. Bishop ya sami littattafai, Tindal ya sami kuɗin da ya biya bashi, aka kuma sake buga waɗansu da suka fi na dā yawa.

Duk mai karanta Littafin Irmiya zai tuna an taɓa yin haka. A sura 36 Ubangiji ya umarci annabin ya rubuta dukan maganar da ya yi masa cikin littafi. Aka karanta wa sarki Yehoyakim yana zaune yana jin ɗumi, shi kuwa ya riƙa yanka takardar da wuƙa yana jefawa a wuta har ta ƙare. Ubangiji ya sa Irmiya ya ɗauki wata takarda, Baruk ya sake rubutawa duka, har aka ƙara waɗansu maganganu.

To, mene ne cikin juyin Tindal da ya ta da hankalin manya haka? Yawancin abin ya rataya ne a kan kalmomi huɗu. Kalmar Helenanci da mu ke cewa ekklesiya, ya juya ta da kalmar da ke nufin taron jama'a, domin kada mutane su zaci bishop da firistoci kaɗai a ke nufi. Inda aka saba jin firist cikin shugabannin ekklesiya ta fari, ya sa dattijo. Inda Latinanci ya sa mutane suna zaton an ce su yi ayyukan horon kai da firist ya ɗora musu, ya sa tuba. Inda aka saba jin kalmar da ta koma kamar ba da sadaka, ya sa ƙauna. Mu da mu ke karanta dattawa da tuba da ƙauna cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi duka a 1932, ba mu jin wani abin mamaki a ciki. A zamanin Tindal kuwa kalmomin nan sun isa su kai mutum wuta.

Wanda ya tashi domin ya amsa masa shi ne Tomas Mor, lauya mai kaifin hankali, wanda ya zama wazirin Sarki Henri na Takwas. Ya rubuta littafi a kansa a 1529, Tindal ya amsa a 1531, Mor ya sake rubuta wani ƙato a 1532 da 1533. Ya kamata mu tsaya a kan wannan gardama, gama ita ce zuciyar labarin. Mor ya ce Almasihu bai rubuta littafi ba, wa'azi ya yi. Ekklesiya tana nan tana ba da gaskiya shekaru kafin a rubuta ko Bishara ɗaya. Tun daga Adamu har Musa bangaskiya daga baki zuwa baki ta bi. Yohanna ma ya ce akwai abubuwa da yawa da Yesu ya yi waɗanda ba a rubuta ba. Saboda haka, in ji shi, akwai Maganar Allah rubutacciya, akwai kuma wadda ba a rubuta ba, wadda ekklesiya ke riƙe da ita, dukansu kuwa nauyinsu ɗaya. Ba maganar wawa ba ce wannan, kada mu raina ta.

Tindal ya amsa cewa Magana ce ta haifi ekklesiya, gama ba mai ba da gaskiya sai ya ji, uba kuwa ya riga ɗansa. Abin da manzanni suka yi wa'azinsa da baki, shi ne suka rubuta, suka kuwa rubuta duk abin da mutum ke bukata domin ceto, don sun sani bayansu masu koyarwar ƙarya za su taso suna cewa manzanni sun faɗi kaza da kaza. In ba a rubuta ba, da me za a ƙaryata su? Ya ƙara da cewa ko kafin Musa, Allah bai bar alkawarinsa a kan tunanin mutum kaɗai ba, ya ba Nuhu bakan gizo, ya ba Ibrahim kaciya, alamu waɗanda ido ke gani yana karantawa.

A ganinmu Littafin kansa yana bayan Tindal a wannan wuri. Ubangiji ya umarci Musa ya rubuta labarin yaƙin Amalek domin tunawa (Fitowa 17). Dokoki Goma a kan allunan dutse aka ba da su. Musa ya rubuta Attaura ya ba firistoci, ya ce a karanta wa jama'a duka kowace shekara bakwai, har da mata da yara da baƙi (Kubawar Shari'a 31). A zamanin sarki Yosiya firistoci suna nan, haikali yana nan, hadayu suna nan, duk da haka jama'a ta manta da shari'a sarai, har ran da aka tsinci littafin cikin haikali aka karanta wa sarki, ya yayyage tufafinsa (2 Sarakuna 22). Baki ya manta, takarda ba ta manta ba. Ubangijinmu kansa, sa'anda Shaiɗan ya jarrabe shi a jeji, sau uku ya amsa masa da abin da ke rubuce. Luka ya gaya wa Tiyofilus ya rubuta masa ne domin ya tabbatar da abin da aka koya masa da baki. Yohannan da Mor ya kafa hujja da shi, shi ne kuma ya ce abin da ya rubuta ya rubuta ne domin masu karatu su ba da gaskiya su sami rai (Yohanna 20). An kuma yabi mutanen Biriya don sun riƙa auna wa'azin Bulus kansa da Littattafai kowace rana (Ayyukan Manzanni 17).

Ba cewa mu ke yi Allah ba ya magana ta wata hanya ba. Sammai suna shaidarsa, lamirin mutum yana shaidarsa, ya yi magana da Yusufu cikin mafarki, mafificiyar maganarsa kuwa ita ce Ɗansa. Amma mu da ba mu ga Ɗan da idonmu ba, ta wurin shaidar da aka rubuta mu ke saninsa. Wanda ya ce ya yi mafarki, shi kaɗai ya gani, ba mai iya shiga kansa ya duba. Saƙon baki in ya bi ta mutum biyar, kowa ya san yadda ya kan isa. Littafi kuwa yana nan a buɗe, abin da ya faɗa wa sarki shi ya ke faɗa wa bara, abin da ya faɗa bara shi zai faɗa baɗi. Kamar mudu ne a kasuwa, mai saye da mai sayarwa duka suna ganinsa. Mu pastoci ma da mudun nan a ke auna mu, ya kuwa kamata mu yi murna da haka, ko da ya ke ba kullum ya ke da daɗi ba in tsoho a bayan majami'a ya buɗe littafinsa ya nuna mana mun kauce.

Sai dai ba za mu ɓoye aibin Tindal ba. Bakinsa yana da kaifi, ya zagi abokan gardamarsa da kalmomin da ba su dace da bawan Allah ba, Mor kuma ya rama da waɗanda suka fi su muni. Mor ya tsananta wa masu karanta littafin Tindal sa'anda ya ke da iko, amma shi ma sarki ya sare kansa a 1535 don ya ƙi sayar da lamirinsa. Ekklesiyar Roma kuma ta buga nata Sabon Alkawari da Ingilishi a 1582, a babban taronta da ya ƙare a 1965 ta gargaɗi mutanenta su riƙa karanta Littafi Mai Tsarki da harsunansu.

Ana cikin wannan duka Tindal yana koyon Ibrananci. A Ingila da wuya a sami mai koya masa, gama an kori Yahudawa daga ƙasar tun 1290, amma a Jamus akwai. Ya yi mamakin ganin yadda Ibrananci ke shiga Ingilishi a sauƙaƙe fiye da yadda ya ke shiga Latinanci. A 1530 littattafan Musa biyar suka fito daga birnin Antwaf, a 1531 kuma Littafin Yunusa. Inda harshensu ba shi da kalma sai ya ƙirƙiro, kamar sunan Idin Ƙetarewa da na bunsurun da a ke kora jeji a Ranar Kafara, har yau kuwa da kalmominsa masu jin Ingilishi ke kiransu. A 1530 kuma ya rubuta littafi yana tsauta wa Sarki Henri a kan nufinsa na sakin matarsa Katarina, ya ƙara wa kansa babban maƙiyi.

A 1531 aka aiko wani manzo, Istifanas Bon, ya lallashe shi ya koma gida. Suka sadu a wani fili bayan garin Antwaf. Tindal ya ba shi labarin talauci da yunwa da sanyi da kewar 'yan'uwa. Sa'an nan, idonsa cike da hawaye, ya ce in sarki zai yarda a ba jama'a Littafi Mai Tsarki da harshensu, tsurarsa ba tare da wani sharhi ba, ko wane ne ya juya shi, to shi ba zai ƙara rubuta komai ba, zai zo ya faɗi a gaban sarki a yi masa duk abin da aka ga dama. Sarki bai yarda ba. A 1533 aka ƙone abokinsa na ƙud da ƙud, Yohanna Firit, a Landan. Cikin wasiƙar da ya aika masa kurkuku Tindal ya kira Allah shaida cewa bai taɓa sāke ko gaɓa ɗaya ta Maganar Allah gāba da lamirinsa ba, ba kuwa zai yi ba ko za a ba shi duniya duka.

A 1534 ya buga Sabon Alkawari da ya gyara, ya kuma sami mafaka a gidan fataken Ingila a Antwaf, wurin wani mai suna Tomas Poyins. Kwana biyu cikin mako ya kan ajiye alƙalami. Ran Litinin ya gai da 'yan gudun hijira daga Ingila, ran Asabar ya bi lunguna yana neman tsofaffi da matalauta ya raba musu kuɗin da fatake ke ba shi. Sai ga wani saurayi, Henri Filips, mai fara'a da ladabi. Ashe ya cinye kuɗin ubansa a caca, ya zama karen farautar masu biyansa. Poyins bai amince da shi ba, amma Tindal mutum ne marar wayon duniya, ya jawo shi jiki har ya nuna masa littattafansa. Ran 21 ga Mayu 1535, maigida ya yi tafiya, Filips ya zo ya ranci sule 40 a hannun Tindal, sa'an nan suka fita cin abinci. Ƙofar gidan wani matsattsen lungu ne, mutum biyu ba su jerawa. Filips ya sa Tindal gaba, shi kuwa dogo ne, ya nuna shi da yatsa ta bisa kansa ga dogaran da ya ɓoye a bakin ƙofa.

Aka kai shi kurkukun Filfod, mil shida arewa da Birasal, ƙarƙashin mulkin Sarki Sharl na Biyar. Ya yi wata goma sha shida a can. Poyins ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya cece shi, har shi ma aka tsare shi, da kyar ya tsere, dukiyarsa ta lalace. Malamai daga jami'ar Luben suka riƙa zuwa suna gardama da shi, da baki da kuma a rubuce. Foks ya ce mai tsaron kurkukun da 'yarsa sun ba da gaskiya ta wurin ganin halinsa.

Takarda ɗaya tak ta rage a duniya da rubutun hannunsa, wasiƙa ce da Latinanci zuwa ga shugaban kurkukun, aka tsince ta bayan shekara ɗari uku da wani abu. A ciki yana roƙo a ba shi hula mai kauri daga cikin kayansa da aka ƙwace, gama mura ta dame shi, da riga mai ɗumi, da ƙyallen da zai yi maho, gama tufafinsa sun tsufa. Yana roƙo a yarda masa da fitila da maraice, don zama shi kaɗai cikin duhu yana da wuya. Amma abin da ya fi roƙo da naciya shi ne a ba shi Littafi Mai Tsarki nasa na Ibrananci, da littafin nahawu, da ƙamus. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya aika wa Timoti ya kawo masa alkyabbarsa da littattafai, tun ba fatun nan masu rubutu ba (2 Timoti 4).

A watan Agusta 1536 aka yanke masa hukuncin ɗan bidi'a, aka tuɓe masa firistanci a gaban jama'a, aka miƙa shi ga hukuma. A farkon Oktoba aka fito da shi, ran 6 ga wata a ke tunawa da shi. Aka ɗaure shi a gungume, ya ta da murya ya roƙi Ubangiji ya buɗe idon sarkin Ingila. Mai kisa ya shaƙe shi, sa'an nan aka ƙone gawar. Shekarunsa wajen 42.

Kafin a kama shi ya riga ya juya daga Joshuwa har 2 Tarihi, takardun kuwa suna hannun abokinsa Yohanna Rojas. Rojas ya haɗa aikin Tindal, ya cika abin da ya rage da juyin Mayils Kabadel, ya buga a 1537 da sunan aro, Tomas Matiyu, gama sunan Tindal haramtacce ne. A ƙarshen Littafin Malakai ya sa manyan baƙaƙe biyu na farkon sunan abokinsa. Sarki Henri ya ba da izni a sayar da littafin. A 1538 doka ta fita cewa kowace majami'a a Ingila ta ajiye Littafi Mai Tsarki da Ingilishi inda kowa zai iya karantawa, a 1539 aka buga babba domin wannan. A waɗansu wurare har sarƙa aka sa masa, mutane suna taruwa kewaye da wanda ya iya karatu. Tunstal, wanda ya ƙone na fari, sunansa ya fito a fuskar bugun da aka yi daga baya, a matsayin wanda ya duba ya yarda. Rojas kuwa shi aka fara ƙonewa a 1555, zamanin Sarauniya Maryamu. Sa'anda malamai wajen hamsin suka fito da juyin Sarki Yakubu a 1611, fiye da kashi uku cikin huɗu na Sabon Alkawarinsu kalmomin Tindal ne.

Daga cikin dubban da aka buga a Woms a 1526, uku ne aka sani sun tsira. Ɗaya yana babban ɗakin littattafai na Biritaniya, wanda ya saye shi a 1994 a kan fam miliyan ɗaya da ɗoriya. Ɗaya aka gano a birnin Shitutgat na Jamus a 1996, cikakke ba abin da ya ɓace. Na ukun, wanda waɗansu warƙoƙinsa suka zube, yana ajiye a majami'ar Bulus Mai Tsarki a Landan, inda aka ƙone 'yan'uwansa.